Ruwa Ya Yi Gyara: Sharhi Bisa Hausar Labarin Ambaliya da Aikin Ƙananan Hukumomi

1. Gabatarwa

Kowace shekara, daga tsakiyar watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, wani irin labari ya kan cika gidajen rediyo da jaridun Hausa, watau labarin ambaliyar ruwa. Yawan maimaita shi ya sa ya sami siffa tasa ta kansa, da kalmominsa da jerin maganarsa, har ya zamana mai sauraro ya kan san abin da zai biyo baya tun mai karanta labari bai kai can ba. Rubutun da ya kai wannan matsayi ya cancanci a duba shi kamar yadda a ke duba waƙa ko wasan kwaikwayo, gama masu jinsa sun fi masu karanta kowane littafin Hausa yawa nesa ba kusa ba, kuma daga gare shi yara su ke koyon yadda a ke maganar hukuma da talakawanta.

Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa Hausar da a ke ba da wannan labari da ita tana da wadatar kalmomin jaje da na agaji, amma ta talauce ƙwarai wajen kalmomin da ke nuna wanda nauyin gyaran unguwa ya ke wuyansa. Saboda haka ƙaramar hukuma, wadda ita ce mafi kusa da kwata da lungu, ba a ganinta cikin labarin sai ran rabon kaya. Yawancin misalan daga birnin Kano aka ɗauko su, domin a can ne tsohon tsari da sabo su ke zaune kafaɗa da kafaɗa.

2. Siffar Labarin

Labarin ya kan zo hawa huɗu. Na farko saukar ruwa: an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, an kwana ana yi. Na biyu lissafin ɓarna: gidaje kaza sun rushe, mutum kaza sun rasu, dabbobi da amfanin gona sun salwanta. Na uku zuwan manya: shugaban ƙaramar hukuma ko wani kwamishina ya kai ziyarar jaje, ya gane wa idonsa, ya yi alƙawarin kai kuka gaba. Na huɗu rabon kaya, shinkafa da masara da tabarmi da barguna, wani lokaci har da kwanon rufi da siminti, sa'an nan a rufe da jan kunnen jama'a su daina zuba shara cikin magudanan ruwa.

Ba za a hana wannan siffa yabon da ya dace da ita ba. Tana ambaton unguwanni da sunayensu, tana kawo muryar wanda ɗakinsa ya faɗi, kuma tana da sauri. Ran 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya malale cikin Maiduguri har ya kai fadar Shehu da babbar kasuwa da asibitin koyarwa, labarin ya game ƙasar Hausa a yinin nan, masu 'yan'uwa a can suka san halin da a ke ciki, masu taimako suka tashi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Aibin siffar yana ga inda ta fara da inda ta tsaya. Tana farawa ran da ruwa ya sauka, ta ƙare ran da aka raba kaya, alhali kuwa ambaliyar cikin gari aba ce da a ke shekaru ana haɗa ta, kuma a kan yi shekaru ana fita daga cikinta. Ita wannan madatsa ta Alau ta taɓa jawo wa Maiduguri ambaliya a 1994. Ainihin labarin yana cikin shekaru 30 ɗin nan da ke tsakani, watau wa aka ba kiwon madatsar, wa ya ba da izinin gini a bakin kogi, wa ya kamata ya yi shela tun da wuri. Haka kuma wanda ya saurari labarun babbar ambaliyar 2012 da ta 2022, wadda ta halaka mutum fiye da 600 a Nijeriya, zai ga sunayen garuruwa ne da adadin mamata su ke sākewa, jerin maganar kuwa yana nan yadda ya ke.

3. Fi'ili da Fa'ili

In aka dubi ginin jimlolin labarin, za a ga hanya uku da a ke bi a faɗi ɓarna ba tare da an ambaci ɗan Adam ba.

Ta farko ita ce a mai da ruwa shi ne fa'ili, watau mai aikata aikin. Ruwa ya ci gari, ruwa ya share gonaki, ruwa ya yi awon gaba da gada. Mafi ban sha'awa cikin irin waɗannan ita ce maganar nan da a kan yi cewa ruwa ya yi gyara. Sakaya zance ce mai asali, gama Bahaushe ya ɗauki ruwan sama rahama ne, ba ya son bakinsa ya jingina masa ɓarna, sai ya kira rushewar ɗakinsa gyara. A bakin tsohuwar da soronta ya faɗi wannan magana ladabi ne da haƙuri, ba wanda zai ga laifinta. Amma in ta fito daga alƙalamin mai rubuta labari, ko daga bakin wanda a ke biya albashi don ya yashe lambatu, ta zama mafaka. Kalmar gyara ta ma'aikaci ce da magini da hukuma. Idan ta koma hannun ruwa, sai a rasa kalmar da za a tambayi hukuma da ita.

Hanya ta biyu ita ce a bar abu ya aikata wa kansa. Hausa tana da fi'ilai da yawa masu fuska biyu, kamar toshe da rushe da cike. Ana iya cewa wane ya toshe kwata, ana kuma iya cewa kwata ta toshe. Ana iya cewa wane ya cike kududdufi, ko kuwa kududdufi ya cike. Duka biyun Hausa ce ingantacciya, nahawu bai tilasta wa kowa ɗaukar ɗaya ba. Mai rubutu ne ke zaɓe, kuma kusan kullum ya kan zaɓi wadda ba ta da mutum a ciki.

Ta uku ita ce lamirin nan na wanda ba a ambata ba: an yi gini bisa hanyar ruwa, an sayar da filin, ba a yashe magudana ba. Wannan lamiri yana da amfani inda ba a san mai aikin ba, ko inda saninsa ba shi da wani muhimmanci. Amma fili ba ya sayar da kansa. Akwai ofishin da ya yanka shi, akwai takarda, akwai hannun da aka sa mata.

Abin da ya kamata a lura da shi ƙwarai shi ne cewa da zarar labari ya kai hawa na uku, sai fa'ili ya bayyana da cikakken sunansa da muƙaminsa da lambobin girmansa. Wanda ya kai buhun shinkafa an san shi, wanda ya ba da izinin gini cikin kwari ba a san shi ba. Wuri ɗaya tak a ke ɗora laifi bisa mutum, shi ne wurin jan kunnen ƙarshe, a can kuwa mai laifin sunansa jama'a. Lalle jama'a suna zuba shara cikin kwata, wannan gaskiya ne. Sai dai jimlar ba ta cika ba in ba a faɗi inda aka tanadar musu su zuba ba, da wanda doka ta ce ya kwashe.

Wani zai ce wannan duka tawakkali ne da yarda da ƙaddara. Amsar ita ce malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda ba a fi su sanin ƙaddara ba, sun yi bayani mai tsawo game da hana cutar da maƙwabci, har da hukuncin inda ruwan rufin wani zai zuba da inda za a haƙa masai. A wurinsu saukar ruwa daga Allah ne, hanyar da aka yi masa kuwa aikin mutum ce, ana kuma kai ƙara a kanta gaban alƙali.

4. Kalmomin da Suka Faɗi daga Labarin

Hausar magina tana da kalmomi da yawa game da zaman gida da ruwa, kowace kuwa tana ɗauke da aiki da mai yinsa da lokacin yinsa. Da rani a ke buga tubali a yi gini. Da bazara, kafin ruwan fari, maigida ya kan sa a yi wa katanga yaɓe, a shafe ta da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Mai hali ya kan sa a yi wa rufin soronsa laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, don kada ruwa ya ratsa ya ruɓar da azara. A duba indararo ko ya karye, a buɗe rariya don ruwan tsakar gida ya fita lungu. Wanda ya bar shekara ta wuce bai yi ba, ya san abin da zai gamu da shi a watan Agusta, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Babbar kalma cikinsu ita ce kududdufi. Ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini shi ne ya kan koma matattarar ruwan unguwa, saboda haka kowace unguwa da ta tashi da ramin da zai sha ruwanta ta tashi. A Kano ruwan da ya yi saura ya kan gangara Jakara, rafin da ya ratsa birni ta gefen Kasuwar Kurmi, wanda Clapperton ya gani a 1824, Barth kuma a 1851, dukansu suka ambace shi. Da bulo da kwano suka maye gurbin tubali da azara, sai ya zama ana gini ba a haƙa rami kusa, rufin kwano da daɓen siminti kuma suna tura ruwa titi gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. A wannan zamani ne aka riƙa cike kududdufai da shara, in sun bushe a yanka filoti. Ruwa ya ƙaru, masaukinsa ya ragu. Mai ba da labarin da bai san kalmar kududdufi da aikinta ba, ba zai iya bayyana wa mai sauraro dalilin da ya sa unguwar da kakanninsa suka zauna lafiya ta ke cika da ruwa ba.

Sunayen unguwanni ma shaida ne. Tudun Wada da Tudun Nufawa da Tudun Maliki sun faɗi irin ƙasarsu, haka kuma Kududdufawa da Kwarin Gogau. A watan Agusta 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari, babbar kasuwar tufafi, ya ɓata dukiya mai yawa. Sunan kasuwar kaɗai ya isa gargaɗi ga mai jin Hausa.

Tare da kalmomin gini akwai na tsaro. A zamanin En'e birnin Kano kashi huɗu ne, fuskar Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, kowace da wakilinta, ƙarƙashinsu kuma masu unguwanni. Rigimar indararo ko ta rariya ta kan fara daga gaban mai unguwa. Duba-gari ya kan shiga gida ya leƙa randa da masai da kwata. En'e tana da baitulmalinta da ma'aikatar ayyukanta, har ma da kuɗinta aka yi aikin ruwan famfo na Calawa da aka buɗe a 1931. Ba a kawo wannan don a wanke En'e ba. Kududdufai gidajen sauro ne, sun kuma ci yara ba adadi. Duba-gari ya yi suna da tara da tsoratarwa, kuma tun a 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Jihar Arewa ya nemi a gyara tsarin En'e ɗin baki ɗaya. Abin da a ke nufi kawai shi ne, a wancan tsari in kwata ta toshe, kowa ya san ƙofar da zai tsaya ya yi sallama.

5. Wace Ce Hukuma?

Kalmar da ta fi kowace yawo cikin labarin ambaliya ita ce hukuma, ko jam'inta hukumomi, sau da yawa tare da ƙarin cewa waɗanda abin ya shafa. Kalma ce mai faɗi ƙwarai, ta haɗa kansila da ciyaman da Gwamna da Minista. Faɗinta ne ya sa ta zama ba ta nuna kowa. Doka kuwa ta rarrabe.

A 1976 aka yi wa mulkin gargajiya na En'e kwaskwarima, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk Nijeriya. Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa guda 774, 44 daga cikinsu a Jihar Kano. Jadawali na Huɗu na wannan Tsarin Mulki ya jera ayyukansu, a ciki har da yin tituna da magudanan ruwa da kiyaye su, da kwashe shara da ƙazanta, da sa wa tituna suna da gidaje lamba, da ƙiyasta gidaje don haraji. Ke nan kwatar unguwa, bisa ga takarda, ta ƙaramar hukuma ce.

Amma a 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta sa dukan ƙasar da ke cikin birane a hannun Gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ta karkara kaɗai. Izinin gini a Kano yana wurin hukumar tsara birni ta jiha, wadda asalinta ke komawa ga hukumar da aka kafa farkon shekarun 1960, aka kuma rubuta mata tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Kwashe sharar birni ma wata hukumar jiha aka ɗora wa. Aikin rufe Jakara da shimfiɗa titi a bisansa, wanda mutane ke kira Wuju-Wuju, gwamnatin jiha ce ta fara shi tsakanin 2011 da 2015. Agajin gaggawa yana da hukumarsa ta Tarayya, wadda aka kafa a 1999, da takwarorinta na jihohi. Madatsar Alau ta wata hukumar Tarayya ce mai kula da yankin Tafkin Cadi. Kuɗin ƙananan hukumomi kuwa, Tsarin Mulki ya bi da su ta wani asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ya jawo ƙarar da Kotun Ƙoli ta yanke ran 11 ga Yuli 2024, inda ta ce a riƙa biyansu kai tsaye.

Daga nan za a ga irin tsaka mai wuyar da ƙaramar hukuma ta birni ke ciki. An ba ta kwata, ba a ba ta ƙasar da kwatar za ta bi ba. Rafi ɗaya kuma ya kan ratsa ƙananan hukumomi da dama, gama birnin Kano da kewayensa ya rabu tsakanin guda 8, ruwan da ya taso daga Gwale ko Dala ba ya tsayawa a kan iyakar Fagge. Wannan shi ne zuciyar al'amarin, shi ne kuma labarin ambaliya ba ya taɓawa. Kalmar hukumomi ta rufe shi ruf. Da ita a ke zargin ciyaman da abin da ba shi da iko a kansa, da ita kuma a ke yafe masa abin da ke wuyansa.

6. Raya, Sabunta, Rusau

Saura kalmomin da a ke fassara shirye-shiryen gwamnati da su, irin su raya birane da sabunta unguwanni da inganta muhalli. Ba a ce ba Hausa ba ne, amma sun yi nesa da ƙasa. Raya abu sai wanda ya mutu ko ya kusa, tsofaffin unguwanni kuwa cike su ke da rai, da marina da maƙera da makarantun allo. Sabuntawa tana sa a zaci tsohon abu ba shi da sauran amfani. Ba ɗaya daga cikinsu da ke gaya wa mazaunin lungu ko za a yi masa kwata, ko za a faɗaɗa hanya ta ci zaurensa, ko za a biya shi diyya, ko za a tashe shi.

Mutanen gari sun ba da tasu fassarar da kalma ɗaya, rusau. Kalma ce gajeriya mai kaifi, ta kuma nuna abin da suka fi gani da idonsu in an ce za a gyara gari. Mai nazarin harshe ya kamata ya tsaya a kanta, domin in kalmar ofis da kalmar titi suka yi hannun riga haka, alama ce ba a zauna da masu unguwar an yi shawara ba. Hausa ba ta rasa kalmomin da suka fi dacewa ba. Akwai gyara da yashewa da yaɓe da faɗaɗawa da tayarwa da sāke matsuguni, akwai kuma aikin gayya, wanda har yanzu samarin unguwanni ke yi wa kwatocinsu gabanin damina. Kowace cikinsu tana tilasta wa mai magana ya faɗi abin da za a yi da wanda zai yi.

7. Abin da Ya Rage ga Malamai

Maganin wannan ba ƙirƙiro sababbin kalmomi ba ne, gama na da ma ba a gama aiki da su ba. Abu uku ne mai rubuta labari zai ƙara, labarinsa ya cika. Ya faɗi hanyar da ruwan unguwar ke bi a da da abin da ya same ta. Ya faɗi sunan ofishin da doka ta ɗora wa kowane aiki, ko na ƙaramar hukuma ne ko na jiha ko na Tarayya. Sa'an nan ya koma unguwar da rani ya ga ko an ta da ɗakunan da suka faɗi, da irin kayan da aka ta da su, da ko a wuri ɗaya aka sāke ginawa. Tun da ya ke hukumar Tarayya mai auna ruwaye ta kan fitar da hasashen ambaliya kafin damina, har ta jera ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, yana da damar ya tambayi ciyaman tun a watan Mayu abin da ya shirya.

Malaman kwalejojin horon malamai suna da hanya mai sauƙi ta koyar da wannan cikin darasin nahawu. A ba ɗalibai labarin ambaliya guda, a ce su ja layi ƙarƙashin kowace jimlar da ba ta da fa'ili na mutum, su sāke rubuta ta da fa'ilinta. Inda suka kasa, nan ne mai labarin bai yi bincike ba, nan ne kuma za a aike su su tambayo. Haka nan a lokacin hutu kowane ɗalibi ya zauna da tsofaffin unguwarsu da maginanta, ya rubuto sunayen kududdufan da ke nan da waɗanda aka cike, da abin da aka gina a gurbinsu. Wannan aiki zai amfani mai haɗa ƙamus, zai kuma amfani injiniyan ƙaramar hukuma, gama taswirar hanyoyin ruwan tsofaffin birane tana cikin kawunan waɗannan tsofaffi, su kuwa kowace shekara raguwa su ke yi.